Tsiren Fulawa a Gonar Baffa

Kofi na fara gani kafin in ga mutumin. Wani kofin silba ne mai mariƙi, an ɗaure shi da igiya a jikin jakar goyo mai aljihuna kamar rigar maharbi, yana lilo yana ƙara duk inda mai jakar ya juya. A bakin kasuwar Dutsin-Ma ne, ina tsaye gaban mai hayar littattafai ina jira ya lalubo mini kashi na uku na wani labari da ya hana ni sukuni, sai ƙarar ta sa na waiga. Na bi igiyar da ido har kafaɗa, daga kafaɗa na kai ga fuska. Fuskar ba laifi. Amma in za a faɗi gaskiya kofin ne ya yi aikin, domin duk garin ban taɓa ganin namijin da ke yawo da kofinsa ba, sai ka ce wanda ko yaushe za a iya kiransa ya ƙetare hamada.

A lokacin na sha littattafan soyayya har na san mazan duniya kashi biyu ne. Akwai mai mota mai baƙin gilashi wanda ba ya dariya, akwai kuma talaka mai kyan hali wanda a shafin ƙarshe za a gane ɗan attajiri ne da aka sace tun yana jariri. Mai kofin bai faɗa ko ɗaya ba. Malamin sakandare ne mai koyar da labarin ƙasa, babur ɗinsa ma sai an tura yake tashi. Ni da kaina na buɗe masa kashi na uku.

Da ya fara zuwa zance ƙofar gidanmu, sauran samarin unguwa turare suke kai wa 'yan matansu, shi kuwa ilimi yake kawo mini. Wata rana ya ciro waya ya nuna mini bidiyon wani Bature mai gemu, wanda ya bar gidansa mai lantarki da famfo ya shiga daji da gangan don ya sha wuya. Baturen ya kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan gishiri, ya murza ta ta yi tsawo kamar igiya, ya nannaɗe a jikin sanda, ya kara a wuta yana juyawa har ta yi ja. Ya ɓara, tururi ya tashi, ya lumshe ido.

“Kin gani, ranki ya daɗe?” in ji Malam. “Burodi ke nan, ba tanda, ba gidan burodi. Wanda ya san wannan, ko ina aka jefa shi zai rayu.”

“Ka taɓa yi?”

“Na kalla ya fi a ƙirga.”

Mai hankali da a nan ta tsaya ta ƙara tambaya. Ni kuwa tuni na yi nisa. Ina hango mu biyu a gindin wani dutse, wuta tana ci, yana ɓaro mini burodi yana hura mini kada in ƙone. A wannan zaman ne ya ce saboda ni zai shiga wuta ya fito, zai kuma ƙetare teku. Ban tuna masa cewa ruwan da ya fi kusa da mu na dam ne ba, shi ma ko iyo bai iya ba.

Mahaifina ya rasu tun ina firamare, saboda haka maganar aurena tana hannun yayansa, Baffa, wanda ke zaune a Tamawa ta ƙasar Kurfi. Mu Fulani ne a asali, irin waɗanda Fulatancin ya ƙare musu sai na kiran saniya da na zagi, amma shanun suna nan, kunyar ma tana nan. Da Inna ta aika masa da maganar, Baffa ya ce kafin manya su zo, yaron ya zo da ƙafarsa a gan shi. Iyakar abin da ya nema ke nan. Malam ne ya ƙara wa kansa aiki, ya ce tunda ana hutun makaranta kuma lokacin girbin gero ne, zai ɗan zauna ya taya su. Ba wanda ya roƙe shi. A shekarun can kuwa mutum yana wuni a gona har ya kwana ba ya waige-waige.

Ni na riga shi tafiya, na sauka ɗakin Goggo, ƙanwar Baffa. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan da ɗiyarta, kuma duk da matan gida suna nan, tukunyar baƙi a hannunta take. Goggo tana iya yafe maka zagi, amma ba ta yafe maka ka raina miyarta. Ɗiyar tata taubashiyata ce, sa'ata, bakinta kamar aska. Tun ina sauka daga babur ta fara.

“Maraba da amaryar littafi. Ina angon? Ko sai a kashi na biyu zai fito?”

Ya fito washegari da la'asar, abokinsa ya kawo shi a babur ya juya. Sai daga baya na ji wasiyyar da abokin nan ya yi masa a hanya. Wai Fulani bakin suruki suke kallo, duk wanda ya ci abincinsu sun gama raina shi, in yana son a ba shi yarinya ya nuna musu fulako irin wanda ko su ba su taɓa gani ba. Abokin nan ko Bafulatanar da ke tallar nono bai taɓa yi wa doguwar magana ba. Ya gama wasiyyarsa ya tsaya a Kurfi ya ci tsire ya wuce gida.

To fulako gaskiya ne, muna yi. Suruki ba ya cin abinci a gaban iyayen matarsa, ba ya tauna suna kallo. Amma don ba a son a kashe ɗan mutane, tun kaka da kakanni aka samo hanya. Za a sauke shi a ɗakin ƙofar gida, a kai masa akushi a rufe da faifai, a saki asabari, kowa ya watse, har kaji ake kora. Shi kuma ya ci abinsa hankali kwance, ya rage ɗan kaɗan don kada a ce mayunwaci ne. In akushi ya dawo, ba wanda zai ce komai, sai dai mai girkin ta ɗaga faifai ta leƙa ta san matsayinta.

Ranar da ya sauka Goggo ta sa aka yanka zabuwa. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta yi da hannunta, ta zuba man shanu har yana kwanciya a sama. Taubashiyata ta kai ta ajiye ta saki asabari. Da ta je ɗauko kwanuka sai ga ta ta dawo tana tafiya a hankali, don kayan ba su rage nauyi ba. Goggo ta ɗaga faifai. Malmalar tuwo tana nan sumul, cinyar zabuwa tana inda aka kwantar da ita.

“Gajiyar hanya ce,” in ji Goggo. “Mutanen birni ba su da ƙwari.”

Da safe aka kai fura da kindirmo a sabuwar ƙwarya. Ta dawo ludayin ko jiƙewa bai yi ba. Goggo ta ce ƙila ɗan boko ne ba ya son kayan ƙauye, ta kwance shinkafar da take ɓoyo saboda baƙin kunya ta dafa da wake. Ta dawo. Ta aika aka nemo taliya 'yar murji, ta yi mata manja da yaji. Ta dawo. Yaran gidan ba su taɓa ganin daula irin ta lokacin ba. Taubashiyata tana siɗe hannu tana cewa, “Allah shi ƙaro mana surukai irin wannan, shi sa kowace ɗiya ta gidan nan ta samo nata.”

Ni fa duk wannan daɗi nake ji. A littattafaina alamar so ta farko ke nan, saurayi ya kasa cin abinci. Sai a kawo masa kaza ya ture, ya kama kallon silin. Ga shi ni ma Allah ya ba ni nawa, har zabuwa ya ture saboda ni. Ina zaune bakin murhu ina murmushi ni kaɗai, ina tausaya wa sauran 'yan matan ƙauyen da samarinsu ke cin tuwo kamar ba su da zuciya. Magana da shi kuwa ba hali, domin a gidan Baffa ko inuwarsa ban isa in tsaya kusa da ita ba, waya kuma sai an hau tudu take kamawa.

A gona an ce yana ƙoƙari. Maza suna kwantar da gero, suna yanke zangarniya suna tarawa a ɗaure dami, shi ma yana bin su da wuƙarsa, ƙaiƙayi yana cin wuyansa. Sai dai an lura in ya sunkuya yakan daɗe bai miƙe ba, in ya miƙe kuma sai ya dafa wani abu. In an kai fura gona ya koma gefe ya ce alhamdu lillahi. Wani ya ce ƙila azumin nafila yake, wani ya ce ai ya gan shi yana shan ruwa.

Da taliyar ta dawo, Goggo ta ajiye muciya ta juyo kaina.

“Ke ɗiyar nan, zo nan. Mi na yi ma wannan baƙo naki?”

“Ba komai, Goggo.”

“Ƙazama ce ni? Ko ya ji an ce muna barbaɗa ma mutane magani a tuwo? In sammu yake tsoro, mi gare shi da za mu sammace? Babur ɗin da ba ya tashi?”

“Goggo, ƙila damuwa ce ta hana shi.”

“Damuwar mi?”

Na sunkuyar da kai yadda jarumai mata ke yi. Taubashiyata ta ce, “So ne, Inna. A birni haka yake kama su, ta ciki yake farawa.”

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, “To ki ji da kyau. Tun ina budurwa nake girki a gidan nan, malamai sun ci, fatake sun ci, har mai gari ya aiko a ƙara mishi. In mutumin nan ya bar gidan nan bai sa hannu a akushina ba, ba shi ba ɗiyar ɗan'uwana. Wanda ya ƙi namu ba ya ɗaukar namu.”

Nan murmushina ya tsaya. Kowa ya san Baffa ba ya tsallake maganar Goggo a kan abin da ya shafi cikin gida. Na ja taubashiyata bayan rumbu na roƙe ta, har na yi mata alkawarin ɗankunnena, ta je ta gaya masa ya ci ko loma ɗaya ce. Ta tafi ta dawo tana riƙe da ciki don dariya.

“Na ce mishi, Malam, don girman Allah ka ci abinci, tsohuwa ta fara fushi. Kin san mi ya ce? Ya gyara zama, leɓe duk ya bushe, ya yi wani murmushi ya ce, ‘Na gane, Hajiya. An turo ki ki gwada ni ne. Ki koma ki ce kin ishe ni daram.’ Daram fa! Mutumin da bango ne ke riƙe da shi.”

Washegari da rana ta take, aka ɗora mana ƙwaryar fura ni da ita mu kai gona, Goggo ta ce mu yi gaba tana biye da dambu. An yi ɗan yayyafi da safe, ƙasa tana ƙamshi. Mun kusa isa sai muka hango hayaƙi yana tashi daga can ƙarshen gonar, daidai inda aka jera dammunan da aka ɗaure. Masu aiki suna ɗaya gefen, ba su lura ba tukuna. Muka ratse muka leƙa.

Malam ne a tsugune tsakanin dami da dami, ya samu lungu ya ɓuya. Jakarsa a buɗe, ga ƙullin fulawa a leda, ga gishiri, ga ashana duk ya zubar da rabi. Ashe tun daga Dutsin-Ma ya yi guzurinsa. Mai hankali da burodi ya saya a tasha ya cusa a jaka, amma ina, ai Baturen bai sayi burodi a tasha ba. Ya kwaɓa fulawar a cikin leda, ta kama masa yatsu har wuyan hannu. Ya sari reshen bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, ya feƙe shi, ya naɗa masa ƙullin kauri kamar damtsen jariri. Itacen da ya tara ɗanye ne, sai ya riƙa cusa busasshen ganyen gero, wutar ta tashi fuu ta lashi ƙullin ta mutu, ya sake durƙusawa yana hurawa. Idanunsa sun yi ja, hawaye yana bin kumatunsa.

Kada in ɓoye, da na ga hawayen nan zuciyata ta buga. Ga daji, ga wuta, ga namiji yana kuka. Abin da na daɗe ina karantawa ke nan ya sauko ƙasa da ƙafafunsa.

Ya ɗago ya gan mu ya zabura, sai kuma ya tuna shi jarumi ne. Ya ce, “Ranki ya daɗe, kin zo a daidai. Yanzu za ki ga abin da na gaya miki.”

“Malam,” in ji taubashiyata, “tsiren mi kake gasawa?”

“Burodi ne, Hajiya.”

“Burodi bisa tsinke? Kana zaune tsakiyar gero, ka kasa karyo zangarniya biyu ka gasa tumu kamar kowa?”

“Geron surukai ne. Ba na taɓawa.”

“Amma kana iya ƙone musu shi.”

Bai kula ta ba. Ya zare sandar daga wuta, ya ɓaro gefe ya miƙo mini, har da hurawa, kamar dai yadda na tsara. Na karɓa da hannu biyu. Bayansa gawayi ne tsantsa. Cikinsa kuwa yadda ya shiga wutar haka ya fito, ɗanye sharaf, yana naɗewa a haƙori. Sannan ga ɗacin bedi da ya ratsa shi tun daga tsakiya, irin ɗacin da ake ɗura wa mai zazzaɓi. Na tauna, na haɗiye, na ce, “Ya yi daɗi.” Ko a yau aka tambaye ni, ban san wata babbar sadaukarwa da na taɓa yi wa so da ta wuce wannan ba.

Shi kuwa yunwa ba ta bar shi ya ji ɗaci ba. Ya kafa kai a sandar yana yaga kamar wanda ya samu ƙashin rago, kumatu suka cika, baƙin gawayi ya zagaye masa baki. Daidai nan iska ta juya, wani ganye mai wuta ya tashi ya sauka gindin dami. Taubashiyata ta kurma ihu ta juye wa damin furar mutane gaba ɗaya. Ihun da hayaƙin suka kira kowa. Kafin Malam ya haɗiye, maza sun zagaye mu da wuƙaƙe da rassan ganye, ƙannen mahaifina, 'ya'yansu, maƙwabtan gona, Baffa a gaba. Can baya ga Goggo da akushin dambu a ka.

Mutumin da ya yi kwanaki yana gudun kada suruki ya san yana da ciki, ga shi tsugune gaban surukai kaf, baki cike, ya kasa haɗiyewa ya kasa tofarwa. Abu ɗaya tak da al'adar ta hana, shi ya yi, kuma a gaban taro.

Aka tattake wutar. Dami ɗaya ne ya ɗan babbake a gefe, ya kuma sha fura. Goggo ta sauke akushinta ta matso ta duba abin da ke jikin sandar.

“La'ilaha illallahu. Wannan ne ya fi zabuwata?”

Baffa mutum ne mai sanyin magana. Ya miƙa hannu ya ce, “Malam, a ɗan sam mana.” Malam ya miƙa masa sandar. Baffa ya gutsura ya sa a baki, ya juya mana baya yana taunawa, don shi ma yana da tasa kunyar. Ya daɗe yana fama. Da ya juyo idonsa ya kawo ruwa.

“Malam, laifin mi muka yi maka da ka zaɓi wannan bisa tuwon gidana?”

Sai a lokacin Malam ya samu ya haɗiye. Ya durƙusa sosai ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ba raini ba ne. Fulako nake yi. An ce mini a gidan Fulani suruki ba ya ci.”

“Wa ya ce maka?”

“Wani abokina.”

“Bafulatani ne?”

“A'a.”

“Ya taɓa aure?”

“Bai yi ba tukuna.”

Wani daga baya ya kasa riƙewa ya fashe, sauran suka bi. Baffa ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce, “Ɗana, kunya a gaban mutane ake yin ta. An kai maka ɗaki, an saki asabari, an kore maka har kaji. Wa ya rage a ciki da kake jin nauyi, gizo-gizo? Da haka ake yi, da Fulani sun ƙare tun zamanin kakanni, don ba surukin da zai kai ranar ɗaurin aure.”

Goggo ta ɗauki akushinta ta ce dambun nan gara ta ba kare da ta ba shi. Ta juya gida. Malam bai ƙara kwana ba. Da la'asar ya yi sallama daga nesa, ya taka har bakin hanya ya samu mai babur.

Na ɗauka magana ta mutu, har na fara shirin kwanciya ciwo. Amma bayan kwana biyu Baffa ya sa aka kira ni, Goggo tana zaune gefe tana kaɗa ƙafa. Ya ce ya duba lamarin. Yaron ba mugu ba ne, kuma wanda zai iya jure yunwa haka don a ba shi mata, zai iya jure matar. Wauta ce ta yi masa yawa, ita kuwa ba ta hana aure, in ba haka ba da rabin garin gwauraye ne. Sharaɗi ɗaya ne, kuma na Goggo ne. In an gama kai amfani rumbu ya dawo, a kai masa tuwo ɗaki, akushi ya fito ba komai a ciki. Daga nan ya turo manyansa.

“Ba ragi,” in ji Goggo. “Na yafe mishi ladabin. Shi siɗe.”

Na koma Dutsin-Ma kamar in yi fiffike. A littafi sai an yi shari'a, an yi haɗarin mota, wani ya rasa tunaninsa ya dawo, kafin a kai ga irin wannan bushara. Ni kwanon tuwo kawai aka ce.

Abin da ban sani ba, labarin ya riga ni isowa. Daga gona ya shiga Tamawa, ranar kasuwa ya sauka Kurfi, direbobin bas suka ɗauko shi kyauta. Da aka koma makaranta, Malam ya shiga aji ya tarar an zana sanda a allo da wani abu naɗe a jikinta. Masu shayi suna ganinsa sai su ce, “Malam, na leda za a yanka ko na tsinke?” Har abokin da ya yi masa wasiyyar yana cikin masu ba da labarin, yana ƙara masa gishiri.

Da ya zo ƙofar gidanmu na ba shi saƙon Baffa, ina jiran ya yi tsalle. Bai yi tsallen ba, tambaya ya jefo mini.

“Da wane idon zan kalle su?”

“Ba kallonsu za ka yi ba. Asabari za a saki.”

“Suna waje suna jira fa. Duk garin zai san ina ciki ina ci.”

“To ai abin da ake so ke nan, Malam.”

“Ki bari ƙura ta lafa.”

Aka kai gero rumbu, aka girbe dawa, aka rore wake. Goggo da kanta, wadda ta ce ko kare ya fi shi, ta ware wata zabuwa tana ba ta tsaki, ta aiko a tambaya yaushe baƙon zai zo. Na gaya masa. Ya ce jarrabawa ta matso. Bayan jarrabawa ya ce babur ya lalace, kamar da can lafiya gare shi. Na tuna masa wutar da ya ce zai shiga saboda ni, da tekun. Ya ce wannan daban. Gaskiyarsa ne kuwa, a teku ba wanda ya san shi.

Kunyar da ya ara don ya burge mutane ta tafi, ta gaske ta zo ta zauna, ita kuwa ba a gaya masa ranar da ake ajiye ta ba. Zuwansa ya fara ja da baya, daga kullum ya koma Juma'a, daga Juma'a ya koma gaisuwa a waya. Na yi iya ƙoƙarina in rame. Na rufe kaina a ɗaki da littattafai, na ce ba na cin abinci, amma Inna ta soya wainar fulawa da yamma, na ga ba dalilin da zai sa mutum biyu su yi wauta iri ɗaya a shekara guda. Zabuwar Goggo dai da Sallah aka ci ta. Baffa bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba. Da wani ya fito daga baya aka kai shi Tamawa, taubashiyata ta aiko mini cewa wannan har ƙari ya nema. Shi ne uban 'ya'yana.

Malam yana nan da ransa. Ya auri ɗiyar maƙwabcinsu, gidan da tun yana rarrafe yake cin tuwonsu, inda ba wanda zai saki masa asabari. Ya yi ƙiba, ya zama mataimakin shugaban makaranta, an ce ɗalibai suna tsoronsa. Shekarun baya aka yi masa ƙarin girma, aka ba shi shugabancin wata makaranta sukutum a ƙasar Kurfi. Ya yi ta bin ofisoshi yana kai takardun asibiti, wai iskar wajen ba ta karɓe shi ba, har aka gaji aka ba wani. Yana nan a mataimaki, kuma na ji ya ce a haka zai yi ritaya.